Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu riƙon takardun gwamnati a Arewa: rubutun faks yana gogewa a cikin fayil

Zuwa ga Shugabannin Ma'aikata na jihohin Arewa, da shugabannin Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, na rubuto ne a kan wata ɓarna da take aukuwa a cikin kabad-kabad ɗin ofisoshin gwamnati, ba kuwa gara ce ta jawo ta ba, ba gobara ba, ba ɓarawo ba. Takardun da suka shigo ma'aikatunmu ta na'urar faks, tun daga wajen tsakiyar shekarun 1980 har zuwa farkon shekarun 2000, rubutunsu yana dusashewa, da yawa ma sun riga sun koma fari fat. Sai ka buɗe fayil ka tarar da lambar shafi tana nan da jan biro, umarnin babban sakatare yana gefe da koren biro yana cewa a aiwatar, ga sa hannunsa ga kwanan wata, amma abin da ya ce a aiwatar ɗin babu shi a jikin takardar.

Na yi shekaru ina aiki a rajista, wurin da ake karɓar wasiƙu a ɗinke su cikin fayil, shi ya sa abin yake ci mini rai. Yawancin yaran da ke riƙe da makullan waɗannan ɗakuna a yau ba su taɓa jin kukan na'urar faks ba, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan yi bayani saboda su, ko da yake ku manya kun san ta.

A bakin ma'aikatan da, abu uku ake kira faks: na'urar kanta, da lambar wayar da aka ware mata, da kuma takardar da take fitarwa. Idan aka ce "faks ya zo daga Legas", takardar ake nufi. Na'urar tana aiki ne a kan layin wayar girke. Za ka sa takardarka a bakinta, ka buga lambar wancan ofishin kamar mai kiran waya, sai na'urar can ta ɗauka, su yi ta ƙara mai kama da fito na 'yan daƙiƙu suna daidaita saurin da layin zai iya ɗauka. Daga nan taka ta soma jan takardar tana karanta ta layi bayan layi, tana raba kowane layi zuwa ɗigo 1,728, wannan baƙi wannan fari. Wani sashe a cikinta da ake kira modem shi ne yake mayar da ɗige-ɗigen nan sauti ya tura ta waya, modem ɗin can kuma ya mayar da sautin ɗige-ɗige a kan takarda. Ita na'urar ba ta san harafi ba, hoto kawai take ɗauka, shi ya sa take kai boko da ajami da hatimi da zanen fili duk ɗaya. Asalin takardarka kuwa tana fitowa ta ɗaya ɓangaren ta zauna a hannunka. Wannan batu na ƙarshe zan dawo kansa, domin a kansa ake kafa hujjar sakaci.

Dabarar ta girmi wayar tarho. Wani mutumin Sikotland mai suna Alexander Bain ya yi mata rajista a 1843, kuma a 1865 an riga an fara aika rubutu ta irin wannan hanya tsakanin Faris da Liyon a Faransa, alhali sai 1876 Alexander Graham Bell ya yi rajistar tarho. Amma ba ta shiga kowane ofis ba sai bayan 1980, lokacin da aka amince da ƙa'ida guda ta duniya wadda ta sa na'urar kowane kamfani za ta iya magana da ta wani, shafi kuma ya riƙa tafiya cikin ƙasa da minti ɗaya maimakon minti shida ko uku na da. Kamfanonin Japan irin su Panasonic da Canon da Sharp da Brother da Ricoh suka cika kasuwa da masu araha, kuma su ne sunayen da za ku gani a jikin waɗanda ke jibge a sito-sitonmu.

A nan ƙasar, zamanin faks ya zo daidai da zamanin NITEL, kamfanin wayar tarho na gwamnati wanda aka kafa a 1985. Wanda ya yi aiki a lokacin bai manta 064 ta Kano ba, da 062 ta Kaduna, da 069 ta Zariya, da 060 ta Sakkwato, da 065 ta Katsina, da 076 ta Maiduguri. Layukan ƙasar gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba kafin zuwan wayar salula a 2001, saboda haka ofishin da yake da layin faks mai aiki ya zama abin zuwa. Sau da yawa na'ura ɗaya ce a ofishin kwamishina ko na babban sakatare, an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, makulli yana hannun sakatare. Wannan ya nuna irin takardun da suke bi ta cikinta. Ba kowace wasiƙa ake turawa ta faks ba, sai wadda ba za ta jira gidan waya ko direba ba: amincewar fitar da kuɗi, canjin wurin aiki, naɗin muƙami, sammacin taro, rahoton ɓarkewar cuta ko rikici. Wato abin da ya fi gaggawa da nauyi shi ne ya sauka a kan takardar da ta fi kowace rauni.

Raunin daga ina? Yawancin na'urorin wancan lokaci ba su da tawada ko kaɗan. Naɗaɗɗiyar takarda ake sa musu, wadda aka shafe fuskarta ɗaya da sinadarin rini marar launi haɗe da wani sinadarin da ke tayar da shi. Kan na'urar yana ɗumama wurin da ake son baƙi, sinadaran biyu su narke su haɗu, wurin ya yi baƙi. Matsalar ita ce haɗuwar ba ta dindindin ba ce. Da tafiyar lokaci sinadaran suna rabuwa, baƙin ya koma ruwan toka, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya ɓace. Haske yana gaggauta wannan, laima tana gaggauta shi, maiƙon hannu ma haka. In kuma zafi ya yi yawa, sai sauran fuskar da ba a taɓa ba ta yi duhu ta haɗiye rubutun. Ba sai na kai ku nesa ba: irin takardar ce ake buga rasit ɗin POS da na ATM a kanta a yau. Duk wanda ya taɓa ajiye rasit a aljihun mota ya dawo bayan wata biyu yana neman lambar da ke jiki ya san abin da nake faɗa. To ku auna takardar da ta yi shekara 30 a ɗaki mai rufin kwano, ta sha bazarar Sakkwato ko ta Nguru, ta sha laimar damina, babu fanka balle na'urar sanyaya ɗaki.

Ku dubi kuma abin da ya faru a ƙasar nan cikin waɗannan shekaru. An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. An ƙirƙiro Jigawa da Kebbi da Yobe da Adamawa da Taraba da Kogi a 1991, shekarar da fadar gwamnatin tarayya ta koma Abuja a watan Disamba. An ƙirƙiro Zamfara da Gombe da Nasarawa a 1996. Kowace ƙirƙira ta zo da rabon ma'aikata da kadarori da bashi tsakanin tsohuwar jiha da sabuwa, kuma sabbin hedikwatocin sun fara aiki ne a gidajen haya, suna jiran umarni ta waya. Ga zaɓen 12 ga Yuni 1993 da abin da ya biyo bayansa, ga annobar sanƙarau ta 1996 da ta ci rayuka dubbai a Arewa, ga ayyukan PTF, asusun rarar kuɗin man fetur, ga miƙa mulki ga farar hula a 1999. Ɗalibin tarihin da zai zo nan da shekara 20 yana son sanin wa ya ba da umarnin me, a wace rana, da ƙarfe nawa, dole ya bi ta kan faks.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, mu ba baƙin ajiyar takarda ba ne. Wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Sakkwato da Shehu al-Kanemi na Borno a farkon ƙarni na 19 har yau ana karanta abin da suka ƙunsa, domin malamai sun yi ta kwafa suna adanawa. Fayilolin Turawan mulki na lardunan Kano da Sakkwato da Zariya suna nan a Kaduna, mai bincike yana zuwa ya nemi rahoton da wani Di'o ya buga da tafireta a 1920 a kawo masa. In ba a tashi tsaye ba, za a wayi gari mun fi sanin abin da Razdan ya rubuta a kanmu fiye da abin da gwamnoninmu suka rubuta wa juna a 1995.

Ba tarihi kaɗai ne abin ji ba, akwai haƙƙin mutane masu rai. Na ga dattijon da ya zo tantance fansho, matakin albashinsa na ƙarshe ya dogara a kan takardar amincewa da ƙarin girma da aka turo daga hedikwata. An nemo fayil, an kai shafin, takardar tana nan a ɗinke, sai dai ko sunansa ba a iya karantawa. Abin da ya rage kawai shi ne rubutun biro na wani jami'i a ƙasa. Jami'in da ke tantancewa bai yi zalunci ba da ya ce ba zai iya aiki da farar takarda ba, shi ma dattijon bai yi ƙarya ba. Irin wannan yana iya faruwa a fayil ɗin fili, ko na kwangila, ko na iyakar ƙaramar hukuma, inda magana guda ke iya raba 'yan'uwa.

Na san amsar da za a ba ni: ai faks kwafi ne, asalin yana wurin wanda ya aiko. A ƙa'ida haka ne, kuma akan ce asalin zai biyo baya ta gidan waya. Amma wanda ya zauna a rajista ya san sau nawa ya biyo bayan. Da zarar an aiwatar da umarni, babu mai sake tambayar asali. Ofishin da ya aiko kuwa, wataƙila an haɗe shi da wata ma'aikatar, ko an rushe shi, ko fayilolinsa sun salwanta a hanyar ƙaura daga Legas zuwa Abuja. Ban da haka, takardar da ta iso tana ɗauke da abin da asalin ba shi da shi. A can samanta akwai siririn layi da na'ura ta buga, mai nuna lambar wanda ya aiko da rana da lokaci da lambar shafi. A jikinta kuma akwai hatimin karɓa da bayanan jami'an da ta bi ta hannunsu. Asalin yana faɗin abin da aka rubuta, ita kuwa tana shaida cewa ya iso, da lokacin da ya iso, da abin da aka yi da shi.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce ga masana adana takardu. Hukumar adana takardun gwamnatin Amurka ta umarci ma'aikatu tun cikin shekarun 1990 da su riƙa yin fotokwafin irin wannan faks a kan takardar yau da kullum kafin a sa a fayil, domin rubutun yana iya fara lalacewa cikin 'yan watanni. Wasu tsofaffin akawunanmu ma sun riƙa yin haka da basirarsu, Allah ya saka musu da alheri, amma ba doka ba ce, kuma ranar da babu wuta ko hodar injin fotokwafi ta ƙare, sai a huda faks ɗin a ɗinke shi yadda ya zo.

Ranku ya daɗe, abin da nake roƙo ba ya buƙatar kwangila ko kwamitin da zai yi shekara yana zama. Takardar umarni guda daga ofishin Shugaban Ma'aikata zuwa ga kowace ma'aikata da hukuma da ƙaramar hukuma ta isa a fara. A ce kowace rajista ta fito da fayilolin da aka buɗe ko aka yi aiki da su tsakanin 1985 da 2005, a bi su shafi-shafi. Gane takardar ba wuya: siririya ce, fuskarta ɗaya tana da santsi da ɗan sheƙi, tana son naɗewa, tsawonta sau da yawa ba ya daidai da sauran takardu domin yanko ta ake yi daga naɗi, kuma in ka karce gefenta da farce zai bar baƙin zane. Duk wadda aka samu, a yi mata fotokwafi a kan farar takarda mai kyau, a ƙara duhun injin in rubutun ya yi rauni, a ɗan rage girman hoton domin siririn layin nan na sama ya shiga. A ɗauki hotonta da sikana, kuma a ɗauka mai launi, ba baƙi da fari ba, domin rubutun da ido ya kasa gani sau da yawa yana fitowa idan aka gyara hasken hoton a kwamfuta. Sai babban jami'i ya duba kwafin da faks ɗin, ya buga hatimi, ya sa hannu da kwanan wata cewa kwafi ne na gaskiya, yadda Dokar Shaida ta 2011 ta tanada game da takardun gwamnati. A ɗinke kwafin a bayan faks ɗin da lambar shafi ɗaya. Kada a zubar da faks ɗin ko da ya koma fari, saboda rubutun biro da hatimin da ke jikinsa. Ƙananan rahotannin da na'ura take fitarwa bayan an aika saƙo, masu nuna cewa ya tafi lafiya, su ma a kan irin takardar suke, kada a tsallake su.

Akwai wani gargaɗi da nake so ya fito ɓaro-ɓaro a cikin takardar umarnin, domin kyakkyawar niyya tana iya ƙarasa abin da bazara ta bari. Kada kowa ya kai takardar faks a yi mata lamineshin. Injin yana aiki da zafi, takardar za ta shiga da rubutu ta fito baƙi ƙirin, kuma babu gyara. Kada a sa ta cikin ledar ajiye takardu ta roba mai laushi, domin sinadarin robar yana cinye rubutun. Kada a liƙa mata salatif ko gam, kada a ja mata alƙalami mai haskaka rubutu. Akwai masu cewa a goga mata dutsen guga ko a hura mata iska mai zafi rubutu zai dawo. Wani lokaci yakan nuna inuwar rubutun, amma kuskure kaɗan ya ƙone shaidar gaba ɗaya, don haka wannan ba aikin akawu ba ne. Waɗanda suka yi nisa a ware su a ambulan na takarda, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu, a miƙa wa ƙwararru.

A nan ne nake juyowa gare ku, shugabannin gidajen adana tarihi. Dokar Adana Takardun Ƙasa ta 1992 ta ɗora wa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa ba ma'aikatun gwamnati shawara kan kula da takardunsu, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta wajabta wa kowace hukumar gwamnati adana bayanan ayyukanta. Idan kuka jira sai fayilolin nan sun iso hannunku ta hanyar da aka saba, da yawa za su iso babu komai a ciki. Ku fita ku same su. Horon yini ɗaya ga shugabannin rajista na kowace jiha zai wadatar, tare da takardar bayani shafi guda da Hausa da Turanci wadda za a manna a bangon kowane ɗakin fayil. Gidan Arewa, wanda tun 1970 yake tattara takardun Arewa a gidan marigayi Sardauna, yana da wata dama da sauran ba su da ita, wato amincewar iyalan manya. Tsofaffin gwamnoni da ministoci da sarakuna da 'yan kasuwa da editocin jaridu da yawa sun bar akwatunan takardu a gidajensu, kuma 'ya'yansu ba su san cewa naɗaɗɗun takardun nan masu sheƙi suna mutuwa ba. Sanarwa a rediyo da Hausa za ta kai musu labari. Fatake ma da suka yi odar kaya daga ƙasashen waje ta faks ɗin shagunan buga waya, takardunsu tarihin kasuwancinmu ne.

Game da su na'urorin kansu, maganata kaɗan ce. Ba na kiran a dawo da su aiki. Layukan da suke hawa sun mutu, an sayar da kadarorin NITEL a 2015, kuma ko Birtaniya ta hana asibitocin gwamnatinta sayen sababbi tun Janairun 2019. Amma kafin a yi gwanjonsu ko a miƙa wa 'yan jari-bola, a buɗe su. Wasu nau'o'in da suka zo daga baya suna bugawa a kan takardar yau da kullum ta amfani da wani baƙin ƙyalle mai kama da leda, kuma wannan ƙyallen yana riƙe da hoton kowane shafi da ya bi ta kansa, ana iya warware shi a karanta. Wannan sirrin gwamnati ne da na mutane, ba abin jefarwa a juji ba ne, wani lokaci ma shi ne kaɗai shaidar da ta rage. Haka tsofaffin kwamfutocin da aka sa wa katin modem suna karɓar faks kai tsaye, saƙonnin suna iya kasancewa a rumbunsu, don haka a kwashe kafin a rabu da su. Sannan a zaɓi na'ura ɗaya ko biyu masu kyan jiki, da naɗin takardarsu da littafin bayaninsu, a kai gidajen tarihi na Kano, Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, a ajiye kusa da tafireta, domin yaro ya ga abin da aka yi mulki da shi kafin wayar hannu. A kuma daina buga matacciyar lambar faks a kan takardu masu tambarin ofis da fom-fom, tana sa baƙo ya ɓata lokaci yana neman layin da babu shi.

In aikin ya yi yawa a yi shi lokaci guda, to a fara da inda asara ta fi kusa da bakin talaka: fayilolin ma'aikatan da suka kusa ritaya da na 'yan fansho, sai na filaye, sai na kuɗi, sai na ofishin Sakataren Gwamnati. Tsofaffin akawunan da suka yi ritaya suna nan da ransu a unguwanni, sun san fayil ɗin da faks ya fi yawa a ciki, kuma da yawa za su zo su nuna in an gayyace su da mutunci. Ina roƙon a fitar da umarnin tun kafin zafin watan Maris ya kama, a kuma ɗora wa jami'i guda mai suna a kowace ma'aikata alhakin kawo rahoton adadin shafukan da aka ceto da waɗanda aka tarar sun riga sun goge.

Allah ya taimake ku, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin rajista